Ina son in karanta binciken wurin da aka aikata laifi: wace hanya zan bi daga ƙauye?

"Assalamu alaikum, Yallaɓai. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa. Na gama sakandare bana a ɓangaren kimiyya. Burina in zama irin mutanen nan da ke zuwa inda aka yi kisa ko fashi, su ɗauki zanen yatsa da jini su gano mai laifi. Mahaifina manomi ne, ya ce zai sayar da riɗin bana ya biya mini makaranta, amma kullum yana tambaya ta wane aiki zan samu in na gama. Akwai digirin wannan a kusa da mu? Kuma ya dace in sa kuɗinsa a ciki?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, don tambayarsa ta fi taka nauyi. Kai kana neman inda ake karatun, shi kuwa yana son sanin ko riɗin da ya sha rana ya noma zai dawo gida da wani abu. Ni kemistiri na karanta kafin in shiga aikin ɗan sanda, na kuma daɗe a sashen binciken manyan laifuka har na yi ritaya, don haka ta wannan fuskar zan amsa maka. Karatun yana nan, ba ma sai ka fita daga Kano da Jigawa ba. Sai dai a Najeriya takardar digiri ba ta ba mutum ikon shiga wurin da aka killace bayan an yi kisa. Hukumar da yake wa aiki ce ke ba shi wannan iko. Wanda bai gane haka tun farko ba zai gama digiri ya zama kamar wanda ya ƙware a huɗa amma ba shi da gona.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne

Abin da kake gani a finafinan waje, inda mutum ɗaya zai ɗauki jini da safe, ya auna shi da rana, ya kama mai laifi kafin magariba, aikin mutane huɗu ne aka ɗora wa guda. Akwai wanda ke zuwa wurin: ya killace, ya ɗauki hoto, ya auna, ya zana taswira, ya kwashe kayan shaida. Akwai masanin ɗakin gwaji, wanda sau da yawa bai taɓa taka wurin ba, a ambulan abin ke iske shi. Akwai likitan binciken gawa, shi cikakken likita ne da ya yi shekara 6 a jami'a sannan ya ƙara wasu shekarun yana neman ƙwarewa. Na huɗu shi ne mai tono bayanai daga waya da kwamfuta, kuma a zamanin nan na garkuwa da mutane da damfarar asusun banki, shi aka fi nema.

A Ingila da wasu sassan Amurka rundunonin 'yan sanda suna ɗaukar farar hula su yi aikin na farko, shi ya sa za ka ga jami'o'insu na tallar digiri mai wannan suna kai tsaye. A nan gida kuwa mai zuwa wurin ɗan sanda ne, ko jami'in wata hukuma mai ikon bincike. In an yi kisa a ƙauyenku, 'yan sandan caji ofis ɗin yankin ne za su fara isa, daga baya a miƙa maganar ga sashen binciken manyan laifuka na jiha, a Dutse in Jigawa ce, a Bompai in Kano ce. To sai ka tambayi kanka: cikin huɗun nan wanne nake so? Amsar ita za ta zaɓa maka kwas.

Abin da za ka tarar a aji

Tushen fannin duka magana ɗaya ce, ta wani Bafaranshe mai suna Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Liyon a 1910: duk abubuwa biyu da suka taɓa juna sai kowanne ya bar wa ɗan'uwansa alama. Ɓarawon da ya haura katanga ya bar sawu, ya kuma tafi da ƙasar gidan a takalminsa. Sauran karatun duka koyon yadda za a ga alamar ne, a ɗauke ta ba tare da an ɓata ta ba, a kuma faɗi iyakar abin da take nunawa.

Kada sunan kwas ɗin ya ruɗe ka, cikinsa kemistiri ne da bayoloji zalla, sai fiziks da lissafi, sai ɗan abin da ya shafi doka. Shekara biyun farko ba za ka ga bambanci sosai tsakaninka da ɗan sashen kemistiri ba. Daga baya ne za a shiga zanen yatsa da ire-irensa, da yadda ake fito da wanda ido ba ya gani: hoda a kan gilashi da ƙarfe, sinadarin ninhaidirin a kan takarda, tururin gam mai ƙarfi a kan leda da roba. Za a koya maka ilimin guba, da karanta yadda jini ya fantsama, da kwatanta kwanson harsashi da bindigar da ta harba shi, da gane takardar jabu. In ka tsani kemistiri a sakandare, tun yanzu ka sake shawara.

Sai gwajin ƙwayar halitta ta DNA, wanda Alec Jeffreys ya gano a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. Abin da nake so ka riƙe game da shi shi ne wannan: karon farko da aka yi amfani da shi a binciken kisa, a 1986, ba kama mai laifi ya fara yi ba. Wani matashi gwajin ya wanke daga zargi, wanda ya riga ya amsa wa 'yan sanda da bakinsa cewa shi ya kashe wata yarinya. Sai a 1988 aka yanke wa ainihin mai laifin hukunci. Duk wanda ya san yadda bincike a ƙasar nan ya daɗe yana dogara da "ai ya amsa laifinsa" zai gane dalilin da ya sa nake ganin fannin nan ya cancanci a sa masa kuɗi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi yadda za a ɗauki bayanin wanda ake tuhuma, dokar 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Da zarar ka hana duka, dole ka nemo hujja daga wani wuri, kuma wurin shi ne abin da kake son karantawa.

Hanyoyin da ke gabanka

Wadda ta fi kusa da burinka ita ce Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Wudil, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Jami'a ce mai ba da digiri, ana shekara 5, mutum ya fito da digirinsa da kuma muƙamin mataimakin sufuritanda. Tana da sashen wannan kimiyya, wanda a kundin JAMB za ka gan shi da sunan Forensic Science. Ita kaɗai ce ke amsa tambayarka da ta mahaifinka a lokaci guda, don ranar da ka gama ka riga ka samu aiki. Ana ɗaukar 'yan shekara 17 zuwa 22, akwai awon tsayi da gwajin lafiya da na ƙarfin jiki, ana kuma raba gurabe jiha-jiha, saboda haka da 'yan Jigawa 'yan'uwanka za ka yi takara. Amma ka san da wannan: wanda ya fito daga Wudil ɗan sanda ne kafin komai. Ana iya tura ka ko'ina a ƙasar nan, ana iya sa ka a sintiri ko a ofis shekaru kafin ka ga hodar zanen yatsa. In ba ka shirya wa rayuwar kaki ba, kada ka shiga don kwas ɗin kawai.

Ta biyu ita ce jami'ar farar hula. Jami'ar Bayero a Kano tana ba da digiri a Forensic Science, na shekara 4. A nan ne nake da ra'ayin da wasu malaman jami'a ba za su so ba. Ga ɗan manomi da bai da kowa a sama, na fi natsuwa da digirin da ke da ƙofa fiye da ɗaya: kemistiri, bayokemistiri, ilimin ƙananan halittu, ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti mai shekara 5 wadda ake fita da lasisin aiki. Wanda ya karanta gwaje-gwajen asibiti, in hukumar bincike ba ta ɗauke shi ba, asibitin Ringim ko na Haɗeja na buƙatarsa, yana kuma iya buɗe ɗakin gwajinsa in ya samu hali. Ƙwarewar binciken laifi ana iya ɗora ta a digiri na biyu. Ba ina kushe digirin kai tsaye ba ne. In ka same shi ka karɓa, amma ka riƙe darussan kemistirin cikinsa da hannu biyu, don su ne za su ciyar da kai in ƙofar farko ta ƙi buɗuwa.

Akwai kuskuren da yara da yawa ke yi wajen cike JAMB, musamman in mai shagon kwamfuta ne ya zaɓa musu. Kwas ɗin Criminology, wanda ake yi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, nazarin dalilan aikata laifi ne da yadda al'umma ke hukunta shi. Ɗan'uwan ilimin zamantakewa ne. Karatu ne mai amfani, hukumomin tsaro na ɗaukar masu shi, amma ba zai kai ka ɗakin gwaji ba.

Bayan 'yan sanda, masu ɗaukar irin wannan ilimi su ne NDLEA mai gwada ƙwayoyi, NAFDAC mai gwada magani da abinci, EFCC da ICPC masu bin takardu da wayoyi, da NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA tata a 2017. Guraben ba su da yawa, kuma ba kowace shekara ake ɗauka ba. Gara ka ji wannan daga bakina yanzu.

Yadda abin yake a karkararmu

Littattafan da za a ba ka a ƙasashen sanyi aka rubuta yawancinsu, ga gidajen gilashi da fenti. Kai kuwa a gidan ƙasa za ka yi aiki. Bangon jar ƙasa ba ya riƙe zanen yatsa, haka tabarma da ƙofar kara. Sai ka nemi kwaɗon da aka ɓalle, da ƙofar langa-langa, da tankin babur, da kwanon sha, da gilashin waya. Littafi zai ce maka gawa tana fara sandarewa bayan awa biyu zuwa huɗu, ta gama wajen awa 12. A bazarar Jigawa, lokacin da zafi ke haura maki 40, komai yana gudu fiye da haka, kuma ƙudaje kan isa cikin mintoci. Wanda ya haddace jadawalin littafi bai yi la'akari da yanayi ba zai faɗa wa alƙali lokacin mutuwa da ba shi ba ne.

Babbar matsalar ma ba ta kayan aiki ba ce, ta sa'ar farko ce. Kafin motar 'yan sanda ta taso daga hedikwatar ƙaramar hukuma, rabin gari ya riga ya shiga ɗakin. Wannan ya ɗaga wuƙar ya duba, wancan ya gyara wa mamacin kwanciya, wata baiwar Allah ta ɗebo toka ta rufe jinin don kada yara su gani. Ba mugunta ba ce, tausayi ne da kunya. Na sha zuwa shagon da aka fasa in tarar mai shi ya share ya yayyafa ruwa, wai kada manyan baƙi su zo su ga ƙazanta. Mai unguwar da ya san ya tsayar da mutum biyu a bakin ƙofa su hana shiga ya fi wa bincike amfani a kan na'urar miliyoyin naira da ke Abuja.

A nan ne ɗan ƙauye yake da abin da ɗan birni ba shi da shi, kuma kada ka raina shi. Na yi aiki da wani dattijo mai bin sawu a wata satar shanu. Ya duƙa ya dubi ƙasa, ya ce mutum uku ne, ɗaya yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma bayan raɓa ta sauka suka wuce. Da aka kama su haka abin yake. Abin da ya rage wa dattijon nan kawai shi ne hanyar da zai mai da abin da ya gani hujjar da kotu za ta karɓa: a ajiye ma'auni kusa da sawun, a haska tocila daga gefe don zanen takalmin ya fito, a ɗauki hoto daga sama daidai, a zuba garin filasta irin na ɗorin karaya a ciro siffarsa. Kai da ka tashi kana bambance sawun akuya da na tunkiya, ka san tsagar kunnen da Fulani ke yi wa shanunsu, ka san warin fiya-fiya da kamannin shinkafar ɓera, ka riga ka yi nisa a abin da wasu sai an koya musu a allo.

Sai maganar gawa, wadda na san za a tayar maka a gida. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, kuma iyalai da yawa ba sa yarda a tsaga mamacinsu. Mai binciken da ya zo da gadara zai koma hannu wofi. Wanda ya san yadda ake durƙusawa a gaida dagaci da liman, ya yi ta'aziyya kafin ya buɗe jaka, yakan samu awa ɗaya ko biyu, kuma a cikinsu ana iya yin abubuwa da yawa ba tare da wuƙa ta taɓa jiki ba: hoton raunuka da ma'auni, duban wuya da farata, ajiye tufafi, likita ya ɗebi jini ko fitsari in ana zargin guba. In wani ya ce maka wannan ilimin baƙo ne a addini, tuna masa da rigar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda aka duba ko ta gaba ta yage ko ta baya aka gane mai gaskiya.

Wani wurin da jahilci ke cutar da mu sosai shi ne fyaɗe. Iyaye kan yi wa yarinya wanka, su wanke tufafinta, su yi kwana uku suna shawarar ko a rufa asiri, sannan a zo. A lokacin hujja ta tafi, kuma maganin kariya daga ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shi. Ana matuƙar buƙatar mata a wannan fanni, don yarinyar ƙauye ba za ta buɗe baki ga namiji mai kaki ba. In kana da ƙanwa mai son kimiyya, ka gaya mata.

Kotu ce ke auna aikinka

Ɗalibai kan ɗauka aikin yana ƙarewa ne ranar da aka kama mutum. Ranar da ka shiga akwatin shaida ne ake sanin ko ka yi aiki. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 68, ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre, sashe na 84 kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya. Lauyan wanda ake tuhuma ba zai yi musu da kai a kan kemistiri ba. Tambayarsa ita ce: wa ya ɗauki wuƙar nan, ƙarfe nawa, a cikin me aka sa ta, wa ya karɓa daga hannunsa, ina ta kwana? Na ga shari'ar kisa ta rushe a gabana saboda rigar da ke da jini an cusa ta a leda tana ɗanya, ta yi fumfuna, ga shi babu sa hannun wanda ya karɓe ta a ma'ajiya. Abu mai jini a inuwa ake shanya shi ya bushe, a sa shi a ambulan na takarda, a liƙe, a rubuta. Kashi mafi girma na aikin rubutu ne, kuma da Turanci ake yin sa, saboda haka kada ka yi wasa da Turancinka.

Ka kuma koyi faɗin "hujjar ba ta kai nan ba". A 2004, bayan harin bam a jiragen ƙasa na Madarid, hukumar FBI ta Amurka ta dage cewa zanen yatsan da aka samu na wani lauya ne ɗan ƙasarta, aka tsare shi, sai 'yan sandan Sifaniya suka gano na wani ɗan Aljeriya ne. A 2009 kuma cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar da rahoton da ya nuna cewa wasu dabaru, irin su kwatanta shaidar cizo da kwatanta gashin mutum ta madubin ƙara girma, ba su da tushe mai ƙarfi. In masu kayan aiki irin waɗannan sun yi kuskure, kai da za a matsa wa lamba daga sama ko daga dangin mamaci sai ka ninka taka-tsantsan. Za a zo maka da kuɗi, za a zo maka da 'yan'uwantaka. Ga kuma abin da ido zai gani: gawar yaro da aka tsamo daga kududdufi ba ta barin mutum ya yi barci da wuri. Ba kowa ke iya ɗauka ba, kuma babu abin kunya ga wanda ya gane haka ya koma ɗakin gwaji.

Game da riɗin

Ni ba jami'in ɗaukar ɗalibai ba ne, kuma makin shiga da kuɗin makaranta suna canzawa kowace shekara, don haka ka karanta kundin JAMB na bana da sanarwar makarantar da idonka kafin ka cike komai. Ka tabbata kana da kiredit a Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da fiziks. In ɗaya ya faɗi, gyara shi ya fi komai gaggawa, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Shawarata ga mahaifinka ita ce kada ya sayar da riɗin duka a kaka, lokacin da kowa ke kai nasa kasuwa. Abin da ake buƙata yanzu kuɗin fom ne da na mota. Babban kuɗin sai an ga sunanka. In shekarunka da tsayinka sun kai, kuma zuciyarka ta kwanta da aikin ɗamara, nemi Wudil da gaske, ka fara gudun safe tun yau. In ba ta samu ba, ka nemi kwas ɗin kimiyya a Bayero, ko Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko ta Aliko Dangote da ke Wudil. Da ka samu gurbi ka nemi tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta Jigawa, ka kuma duba bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024. Lokacin da za a tura ku koyon aiki na wata shida, kada ka karɓi wurin da za ka riƙa sa hannu ka dawo gida. Nemi ɗakin gwajin asibiti ko na wata hukuma, ko da shara za ka fara yi, don a nan za ka san masu sanar da kai ranar da aka buɗe ɗaukar aiki. Ka kuma koyi kwamfuta sosai, ka koyi ɗaukar hoto mai kyau ko da wayar hannu ce.

Da zarar an ji kana neman Wudil, wani zai ɓullo ya ce yana da hanya, a kawo kuɗi kaza ya sa sunanka. Na sha karɓar ƙorafin iyayen da suka sayar da sa ko gona suka ba irin waɗannan, ba gurbi ba kuɗi. Ka gaya wa mahaifinka kada ya ba kowa ko sisi a hannu. Duk kuɗin da makarantar ke karɓa yana rubuce a sanarwarta, kuma ta banki ake biya a ba ka rasit.